Idan Kuɗi Ya Karye A Hannun Ɗan Bida, Wa Zai Ɗauki Asarar?

 

Ya ƴan'uwa, da wuya a tsayar da sahu guda a masallatanmu na Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a rasa mutumin da yake da ɗa, ko ƙane, ko suruki a wajen bida. Wani yana Legas yana sayar da shayi, wani yana gadi a Abuja, wani yana tura ruwa a Kano, wani kuma ya miƙe har Abijan ko Kumasi ko Sabha ta ƙasar Libiya. Tun kakanni ake wannan tafiya. Hatsi mai yawa da ake dakawa a ƙauyukan Adar da Gobir, daga bazara zuwa lokacin da sabo zai nuna, da gumin waɗannan bayin Allah aka saye shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne halin da waɗanda ke Nijeriya daga cikinsu suka shiga tun daga shekarar 2023. Ranar 29 ga Mayu ta wannan shekara sabon shugaban ƙasar, Bola Tinubu, ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin ƴan kwanaki. A tsakiyar watan Yuni babban bankin ƙasar ya sakar wa naira mara a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke canzawa a wajen naira 460 ta haura 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuwa ta wuce 1,500. Hukumar ƙididdiga ta ƙasar ta ce a watan Disamba na 2024 tsadar kaya ta ƙaru da kashi 34.8 cikin ɗari a kan ta shekarar da ta gabata.

Ɗan Nijeriya ya ji wannan a jikinsa, babu shakka. Amma ɗan bida sau biyu ya ji, domin cikinsa yana can, iyalinsa suna nan. Can yana sayen abinci da biyan haya da kuɗin mota a farashin da ya tashi, nan kuwa ana jiran sefa, ita kuma sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, Yuro guda a kan sefa 655.957, saboda haka ba ta bi naira ƙasa ba. A farkon 2023, a hannun ƴan canji irin na Wapa da ke Kano, jika guda tana wajen naira 1,200. Bayan shekara guda ta haura 2,400. Mutumin da ya saba aiko wa gidansa jika talatin a wata, da yana nemo naira 36,000 ya sauke nauyin, sai ya wayi gari yana bukatar 72,000. A lokacin nan mafi ƙarancin albashin da dokar Nijeriya ta yanka naira 30,000 ne, sai a watan Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000. Mai gadi da mai shayi kuwa ba su cikin waɗanda ake yi wa ƙarin albashi da takarda. Gida ma bai zauna lafiya ba, domin rufe iyakoki da aka yi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya tayar da farashin shinkafa da sauran cimaka a kasuwanninmu.

Manya daga cikinmu sun san wannan ba shi ne farau ba. A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyaka, aka ba da ƴan kwanaki kaɗan na canji. Mutane da yawa a wannan gefe suka wayi gari da takardun da ba su sayen ko ƙwayar goro, ga fari ya biyo baya, har aka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. Bayan shekara goma abin ya juyo kanmu. Ranar 12 ga Janairu 1994, bayan taron da aka yi a Dakar, aka raba darajar sefa biyu. Faran guda na Faransa da ake canzawa a dala goma ya koma dala ashirin, magani da duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya yi tashin gwauron zabo, kujerar Makka ta yi wa mai ƙaramin ƙarfi nisa. A wannan karo wanda yake riƙe da riyal ko kuɗin Faransa shi ya ci riba, mai sefa ya kwana da asara. Kafin takarda ma, kakanninmu sun ga haka da wuri. Lokacin da Baturen nan Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda, kafin ƙarshen wancan ƙarni sai da aka ƙirga kusan ninkinsa.

To, ga inda tambayar take. Kuɗi ma'auni ne, kamar tiya. A ƙaddara mutanen gari sun kwanta da tiyarsu da suka sani, cikin dare aka rage mata rabi, amma aka bar mata sunanta. Da safe duk wanda ake bi tiya goma ya sami sauƙin da bai nema ba, duk mai bin tiya goma ya yi hasarar da bai jawo ba, alhali babu ɗayansu da ya taɓa tiyar. Hatsin da ya ragu ba iska ta kwashe shi ba, ya tashi ne daga rumbun wani ya zauna a rumbun wani. Haka karyewar kuɗi take. Asarar ba ta ɓacewa, dole sai ta sauka a kan wani, kuma bisa al'ada tana gangarawa ne zuwa ga wanda ba shi da bakin magana: matar da aka bari a ƙauye, ko tsohon da ke jiran aike, ko abokin da ya ba da rance don zumunci yana jin nauyin tambaya.

Mu fara da haƙƙin iyali, domin shi ne mafi sauƙin warwarewa a littafi, ko da yake shi ne mafi wuya a zuciya. Shari'a ba ta ƙayyade ciyarwa da adadin kuɗi ba. Lokacin da Hindu ƴar Utba ta kai ƙarar mijinta a kan rowa, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi mata izinin ɗaukar abin da zai ishe ta ita da ɗiyanta bisa abin da aka saba. A cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, an umurci mai wadata ya ciyar gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa arziki ya ciyar daga abin da aka ba shi. Shaihu Halilu kuma a Muhtasar ya ambaci abubuwan da ake dubawa wajen yanka ciyarwa, watau ƙarfin miji, da matsayin matar, da garin da ake zaune, da farashi. Ku lura, malamanmu sun sa farashi cikin lissafi tun ƙarni na takwas na Hijira.

Saboda haka mai cewa, ni naira 36,000 nake aikawa tun da can kuma ban rage ko kwabo ba, bai kuɓuta da wannan magana ba, domin yara ba lamba suke ci ba, tuwo suke ci. Haka nan mutanen gida da ke cewa, jika talatin ka saba, jika talatin muke jira, su ma ba su da hujja, domin ba a ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ya wajaba yana tsakanin isar gida da ƙarfin mai nema, kuma ba a sanin wannan wuri sai an yi magana ta gaskiya. A nan ne nake ganin mafi yawan laifinmu yake. Ɗan bida yana jin kunyar ya ce abin ya gagare shi, sai ya kashe waya wata biyu, matarsa tana cin bashin hatsi wajen mai shago ba ta san ranar biya ba. Ko kuwa ya ci bashi mai ruwa can don ya dawo da Salla da shadda da agogo, kada a ce ya dawo hannu rabbana. Mu kuma da ke gida muna da namu kason. Uba ya kan buga wa ɗansa misali da ɗan wane da ke Abijan, ya manta cewa na Abijan da sefa ake biyansa, jikarsa guda jika guda ce a Madawa, ba ta ratsa hannun ɗan canji. Ana kuma tara wa mutum guda bukatun suna da biki da kayan ɗaki da kuɗin makarantar ɗan ƙanen kawu. A mazhabarmu, bayan mata, waɗanda ciyar da su ya zama tilas su ne ɗiya da iyaye mabukata. Sauran zumunci ne mai lada, amma idan ruwa ya ja baya, wajibi ake fara ba wa.

Su kansu ƴan bidan ba su zauna sun naɗe hannu ba, kuma ya kamata mutanen gida su san yadda jikar da ke iso musu take haɗuwa. Ɗakin da mutum uku ke kwana ya koma na shida, wasu suka bar haya suka koma kwana a rumfar sana'a. Mai cin shinkafa ya koma gari da ƙuli, mai hawa mota ya koma tafiya a ƙasa. Wanda ya kai iyalinsa can ya maido su gida. Masu wayo suka daina ajiye naira, abin da aka samu a mako a canza shi sefa kafin Juma'a ta zagayo, ko a aiko a sayi akuya ko tunkiya, domin dabba ba ta jin labarin babban banki. Wasu suka koma aiko da kaya maimakon kuɗi, taliya da sabulu da atamfa, tun da kayan da ake yi can sun yi arha ga mai lissafi da sefa. Wasu suka tattara suka nufi Kwatano da Lome da Abijan, wasu suka fuskanci arewa, inda aka fi samu amma hatsarin ya fi yawa, kamar yadda waɗanda ake korowa daga Aljeriya zuwa Asamaka za su ba da labari. Abin da ya fi burge ni shi ne tukunyar haɗaka, inda ƴan gari guda ke zuba abin da kowa ya samu a dafa sau ɗaya, wanda bai yi ciniki ba ranar nan ya ci ba a yi masa gori ba. Ko sun sani ko ba su sani ba, wannan ita ce ɗabi'ar da Annabi ya yaba wa Ash'arawa a kanta, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri guda su raba daidai.

Sai maganar bashi, wadda ta fi raba zumunci, kuma a kanta nake son in daɗe.

Mutum biyu ƴan ƙauye guda, suna sana'a a Legas, suka kawo maganarsu lokacin da suka zo ganin gida. A watan Janairun 2023 ɗayan ya ranta wa ɗan'uwansa naira 240,000 don ya ƙara jari. Kuɗin nan tarin shekara biyu ne, yana nufin ya sayi san noma da su, kuma a ranar da ya miƙa su jika ɗari biyu ne cif. Suka yi alkawarin biya da Sallar Layya, wadda ta zo a ƙarshen Yuni, lokacin da canjin bayan fage bai riga ya yi nisa da inda yake ba. Ba a biya ba sai a watan Maris na 2024. Mai cin bashin ya kawo naira 240,000 ba ragin ko sisi, mai bashin ya kai wa ɗan canji aka ƙirgo masa jika ɗari. Ya ce, ni sa na ba ka, ka maido mini maraƙi. Wancan ya ce, naira ka ba ni, naira na maido, ba ni na karya ta ba, ni ma da ita ake biyana. Kowanensu gaskiya ya faɗa.

Kafin mu yi saurin tausaya wa ɗaya, mu juya maganar. Akwai wanda ya ci bashin jika ɗari biyu a gida don ya yi jari, ya canza su naira 240,000, ya tafi. Yanzu sai ya tara 480,000 kafin ya sauke abin da ke wuyansa. Idan muka ce a biya adadin da aka karɓa, a labari na farko mai bashi ya sha wuya, a na biyu wanda ake bi ne ya sha. Hukuncin bai san mai kuɗi ko talaka ba, abin da ya sani shi ne irin kuɗin da aka damƙa a hannu.

Malaman farko sun tattauna wannan a kan fulus, watau ƙananan kuɗin tagulla da ake kashewa tare da dinari da dirhami, waɗanda darajarsu ke hawa da sauka bisa ga abin da sarakuna suka buga. Abin da ya shahara a mazhabobi huɗu shi ne a biya misalin abin da aka karɓa, ko ya yi tsada ko ya yi arha. Shaihu Halilu ya tafi har ga cewa ko da an daina karɓar waɗannan kuɗi a kasuwa misalinsu za a biya, sai idan an rasa su gaba ɗaya sannan a koma ga ƙima. Wanda bai duba dalili ba zai ce wannan tsauri ne, amma dalilin yana da ƙarfi. Rance taimako ne, ba hanyar neman riba ba ce, kuma da zarar an buɗe ƙofar cewa a maido fiye da adadin da aka karɓa, riba za ta shigo ta wannan ƙofa sanye da rigar adalci. Ga kuma rigima marar ƙarewa: ƙima da wane ma'auni, sefa ko dala ko buhun hatsi, kuma a farashin wace kasuwa? Sa'an nan da kuɗin tashi suka yi, da mai bashi ba zai yarda a rage masa ba.

Duk da haka ba a taru a kan wannan ba. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, ya koma ga cewa a biya ƙimar da fulus ɗin ke da ita ranar da aka karɓe su. Ibnu Abidin na Sham, wanda ya rasu a 1836, ya rubuta risala sukutum a kan matsalar, mai suna Tanbihur Ruƙud, saboda yadda kuɗin daular Usmaniyya ke canzawa a zamaninsa. A cikin gidanmu na Malikiyya kuma, Shaihu Rahuni na Maroko, a hashiyarsa a kan sharhin Zurƙani, ya ce maganar biyan misali ta kamata a taƙaita ta ga canjin da bai yi muni ba. Idan faɗuwar ta kai inda wanda aka biya ya zama kamar an ba shi abin da ba shi da wani amfani mai yawa, to sai a duba ƙima. Wasu daga masu sharhin Muhtasar kuma sun ware mai taurin bashi, suka ce wanda ya ja lokaci da gangan har kuɗin suka canza ba zai ci moriyar jinkirinsa ba. Wannan ya dace da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya kira jinkirin mai hali zalunci.

Malaman zamani ma sun yi ta kai da kawowa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tsaya a kan biyan misali, ta hana a ɗaure bashi da hawan farashi. A zaman Brunai na 1993 ta halatta mutum biyu su yarda, a ranar biya, a biya da wani kuɗi dabam bisa canjin wannan rana, kamar yadda Abdullahi ɗan Umar ya kasance yana sayar da raƙuma da dinari ya karɓi dirhami, Annabi ya yarje masa muddin a farashin ranar ne kuma ba su rabu da saura a tsakaninsu ba. A zaman Dubai na 2019 ta ƙara da cewa idan karyewar ta yi muni bayan an ƙulla bashin, babu laifi su yi sulhu lokacin biya a kan ƙima ko a kan raba asarar, ko su kai ga alƙali ko mai sasantawa, amma ba a sharɗanta haka tun farko.

Ni dai abin da zuciyata ta natsu da shi, bayan duba waɗannan maganganu, shi ne kada mu rushe asalin hukunci, kuma kada mu ɓuya a bayansa. Idan canjin kaɗan ne, irin wanda kasuwa ta saba da shi, a biya adadi a rufe baki. Idan kuwa rabin dukiyar mutum ta tafi, ina ganin mutunci bai yarda wanda ya amfana da jarin nan wata goma sha huɗu ya ajiye takardu ya kaɗe riga ya ce littafi ya wanke shi ba. Alƙali yana iya sallamarsa, amma wanda ya taimake shi ya koyi darasi, kuma darasin shi ne kada ya sake ba kowa rance. Wannan ita ce asarar da ta fi jika ɗari, domin ƴan bida ba su da banki sai junansu. Ranar da rance ya mutu a tsakaninsu, masu ba da kuɗi da ruwa ne za su gaje shi. Annabi ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi girma, ya kuma bayyana cewa kyautata biya yana cikin alamun mutanen kirki. Gaskiya ne mai Risala ya kawo saɓani a kan ƙara adadi a wurin biya, Ashhabu ya halatta idan babu sharaɗi ko alkawari ko al'ada, Ibnul Ƙasim ya ƙi. To amma wanda ya ƙara wa ɗan'uwansa wani abu don ya rage masa raɗaɗin rabin da ya tafi, mai bashin bai fita da riba ba, har yanzu da asara ya tashi.

Sai dai a yi hattara da ɗaya gefen. Ba kowane mai jinkiri ne mai taurin bashi ba. Wanda kasuwa ta kife da shi, yana neman na bakinsa da kyar, Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya yi umurni a saurara masa har ya sami sauƙi, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi. Wanda bai iya biyan asali ba, ba a yi masa maganar ƙari. Kuma mai bashin da ya ce dole sai an cika masa jika ɗari biyu, shi ma yana son ya kwashe asarar duka ya ɗora wa wanda bai karya naira ba.

Don gaba, maganin yana cikin aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, wadda ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu. Mu mun ɗauki rubutu tsakanin ƴan'uwa kamar rashin yarda, alhali rashinsa ne ke kawo mu gaban liman muna nuna wa juna yatsa. A rubuta adadi, a rubuta ranar biya, a rubuta irin kuɗin. Mai tsoron naira ya je ya canza da kansa ya damƙa sefa a hannu, sai ya bi sefa. Mai hatsi ya ranta hatsi ya karɓi hatsi. Abin da malaman majalisar nan suka hana shi ne a miƙa naira a rubuta sefa, domin abin da aka karɓa shi ake bi.

Akwai ƙananan wurare biyu da irin wannan asara ke ratsawa ba a lura ba. Ɗaya adashi ne. Mutum goma suna zubi wata goma, na farko ya kwashi kuɗi masu nauyi, na ƙarshe ya kwashi adadi guda amma ba ya sayen abin da na farko ya saya, kuma sau da yawa mai kunya da baƙo ake turawa ƙarshe. A shekarar da kuɗi ke zubewa, gara a gajarta zagayen, ko a yi zubin da sefa, ko a jefa ƙuri'a a gaban kowa. Na biyu saƙo ne. Wanda aka ba kuɗi ya kai gida amana ce a hannunsa, idan ya tsare ta yadda aka ce ba ya ramuwar abin da bai jawo ba. Amma idan aka ce ya canza yau ya riƙe mako uku yana juya su a kasuwa, ko ya canza a wani farashi ya faɗa wa tsohuwa wani, wannan ba naira ce ta ci kuɗin ba.

Mutanen nan biyu kuwa, da aka zauna aka bi diddigi, sai ta bayyana cewa wanda ake bi yana da halin biyan rabi tun da Layya, amma ya ga gara ya ƙara juya kuɗin, sauran rabin kuwa da gaske ba shi da su sai daga baya. Dattawan da ke wurin suka ce to ya ɗauki asarar rabin da ya jinkirta da gangan, ɗan'uwansa ya haƙura da ta ɗaya rabin. Ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce jika hamsin ta fi ƙarfinsa, zai iya talatin. Mai bashin ya karɓa, ba da fara'a ba. Bai sayi san ba a wannan shekara, hayar garma ya yi da damina, kuma da kaka ta wuce mota guda suka shiga zuwa Legas.